Shurin Babbar Libarbar Farauta: Yadda Ake Sarrafa Shi da Yadda Mutum Ke Gane Iyakarsa

A yawancin jihohin Amurka doka ta yarda a yi farautar barewa, aladun daji, har da beyar da bindigar hannu, muddin bindigar ta cika ƙa'idar da hukumar namun daji ta jihar ta gindaya game da girman harsashi, a wasu wuraren har da tsawon bututu. Tun da .357 Magnum, sunan wani harsashi da bindigar da ke cin sa, ta fito a 1935, .44 Magnum ta biyo bayanta a tsakiyar shekarun 1950, maƙera suke ta ƙara wa harsashi nauyi da gudu. Kamfanin Freedom Arms na jihar Wyoming ya fara ƙera libarbar .454 Casull a 1983, .480 Ruger ta zo a 2001, .500 S&W, wato Smith & Wesson, a 2003, .460 S&W kuma a 2005. Ƙarfin bindiga ya yi ta hawa, wuyan hannun ɗan Adam kuwa yana nan yadda aka halicce shi.

Mafi yawan masu sayen irin waɗannan bindigogi suna ɗauka cewa iyakarsu ita ce yawan zafin da za su iya jurewa. Ba nan take ba. Iyakar mutum ita ce harsashi mafi ƙarfi da zai iya harbawa ya kuma samu inda ya auna, sau bayan sau, ba tare da hannunsa ya riga kunama motsi ba. Wannan iyakar takan zo tun kafin zafi ya zo, kuma ana iya auna ta a kan takarda. Ga mai karatu a Najeriya, a lura: Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta wa farar hula sai da lasisin shugaban ƙasa. Bayanin da ke tafe na wuraren da doka ta halatta wannan farauta ne, a filin harbi mai rajista, tare da malami.

Fara da lissafi, kafin ka taɓa bindiga

Abu huɗu ne ke haifar da shuri, wato komowar bindiga baya idan ta tashi: nauyin ƙwayar harsashi, gudunta, nauyin albarushin da ya ƙone, da nauyin bindigar kanta. A kwalin harsashin Amurka ana rubuta nauyi da giren, gudu kuma da ƙafa a sakan. Giren ɗaya giram 0.0648 ne, ƙafa ɗaya kuma mita 0.3048.

Ga yadda ake yi. Ka ninka nauyin ƙwaya, a kilo, da gudunta, a mita a sakan. Ka ninka nauyin albarushi da gudun hayaƙinsa, wanda a bindigar hannu ake ƙiyasta shi da ninki ɗaya da rabi na gudun ƙwaya. Ka haɗa biyun. Idan ka raba jimlar da nauyin bindiga, ka samu gudun da bindigar ke komowa baya da shi. Idan kuma ka ninka jimlar da kanta ka raba da ninki biyu na nauyin bindiga, ka samu ƙarfin shurin a jul, ma'aunin da ake auna ƙarfi da shi.

Ɗauki .44 Magnum mai ƙwaya giren 240, wato giram 15.6, da gudun ƙafa 1,350 a sakan, kimanin mita 411, da albarushi wajen giram 1.5. A libarba mai nauyin kilo 1.36 shurin zai kai kusan jul 20, bindigar na komowa da gudun mita 5.4 a sakan. Da irin wannan lissafi, .357 Magnum mai giren 158 a bindigar kilo 1.25 tana ba da kusan jul 8. Ita .454 Casull mai giren 300 da gudun ƙafa 1,650, a Ruger Super Redhawk mai nauyin kilo ɗaya da rabi, ta haura jul 40. .500 S&W mai giren 440 da gudun ƙafa 1,625, a bindigar da ta ɗan wuce kilo biyu, ta haura jul 60. Nauyin albarushin da aka yi amfani da shi a nan ƙiyasi ne don lissafi kawai, ba ma'aunin cika harsashi ba ne.

Akwai darasi biyu a cikin waɗannan alƙaluma. Na farko, daga .44 zuwa .454 ba taki ɗaya ba ne, ninki biyu ne. Na biyu, kuma shi ne wanda ya fi kama mutane, nauyin bindiga yana da tasirin da ya kai na harsashi. Smith & Wesson 329PD libarbar .44 Magnum ce da aka yi wa jiki da gaurayen alminiyam da sikandiyam, nauyinta bai kai giram 750 ba. Sa mata harsashin nan mai jul 20, shurin zai tashi zuwa wajen jul 37, gudun komowarta kuma ya kusan mita 10 a sakan, wato ya zarce na .500 S&W. Shi ya sa wanda ya harba su biyun yakan ce babbar turi take yi, ƙaramar kuwa duka. Hannu ya fi jin gudun komowa fiye da jimlar ƙarfi. An yi 329PD ne don a rataya ta yini guda a dajin beyar, a harba ta da wuya, ba don a koyi harbi da ita ba.

Kunne, ido da yatsu

Rabin abin da mutum ke kira shuri ƙara ce da iskar da ke bugun fuska. Ƙarar libarbar magnum takan haura desibel 160, alhali hukumomin kare lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa 140 a matsayin iyakar ƙarar da ke zuwa farat ɗaya. Don haka kariya biyu ake sawa tare: toshiyar soso a cikin kunne, da murfin kunne a kanta. Toshiyar soso sai an murza ta ta zama siririya, an ja kunne sama da baya da ɗaya hannun, an tura ta ciki, an riƙe ta na kusan rabin minti har ta kumbura. Wadda ta leƙo waje rabi ba ta aikin komai. Ka duba kuma kada ƙafar tabarau ta ɗage murfin ta bar kafa. Idan da zaɓi, fili a buɗe ya fi ɗaki rufaffe nesa ba kusa ba, domin bango da rufi suna maido maka da bugun iskar, kai ya yi ciwo tun hannu bai gaji ba.

Tabarau mai jure bugu dole ne. Libarba tana fesa ɓurɓushin albarushi da na dalma ta gefe.

Daga nan sai abin da ya fi kowane haɗari a libarba: ratar da ke tsakanin gaban silinda, wato gangar da ke juyawa mai ɗakunan harsashi, da gindin bututu. Faɗinta bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita ba, amma ta nan hayaƙi mai zafi ke fita da matsin da a .454 Casull da .460 S&W yake kaiwa fam 65,000 a kan kowane inci murabba'i a cikin ɗakin harsashi. Na .44 Magnum fam 36,000 ne. Yatsan da ya tsaya daidai wannan rata zai iya tsagewa har ƙashi. Wanda ya saba da fistol, inda ake miƙa manyan yatsu biyu gaba a gefen bindiga, shi ya fi faɗawa wannan tarko. A libarba babu wani yanki na hannu da zai kai gaban silinda. Haka ma gwiwa ko cinya idan kana harbi a zaune.

Mariƙin da ya dace da hannunka

Siffar mariƙi ita ke yanke hukuncin inda shuri zai sauka a jiki. Iri uku aka fi sani.

Tsohuwar siffar da ta samo asali daga Colt ta 1873, wadda Ruger Blackhawk ta gada, lanƙwasasshiya ce, an yi ta ne don bindiga ta sulale a tafin hannu ta juya sama. Har zuwa matsakaicin .44 Magnum tana da daɗi. Idan ƙarfi ya wuce haka juyawar takan yi yawa, har ƙahon guduma, ƙarfen baya da ke bugun harsashi, ya caki fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Wannan siffa santsi take so, itace ko makamancinsa. Roba mai kama fata tana hana sulalewar, sai ta saɓule fata.

Siffar Bisley ta fi miƙewa tsaye, ta fi cika hannu, kuma ita masu ƙera .475 da .500 Linebaugh suka fi zaɓa, domin tana raba shuri tsakanin turi baya da tashi sama. Aibinta shi ne ƙarancin fili a bayan zoben kunama. Mai kaurin yatsu zai ji zoben yana dukan gaɓar yatsansa na tsakiya. Irin wannan duka shi ne kuma kukan da aka daɗe ana yi da Super Blackhawk mai zobe mai kusurwa a baya.

Ta uku ita ce ta libarbar da kunama ke ɗana guduma da kanta, irin su Model 629 da Model 500 na Smith & Wesson da Redhawk ta Ruger. Akwai tozo a saman bayan mariƙin wanda ke hana bindiga juyawa, sai ƙarfin ya tafi kai tsaye cikin tafi da wuyan hannu. A nan roba ce ke taimako, musamman wadda ta rufe ƙarfen baya gaba ɗaya, kamar irin na Hogue da Pachmayr. Amma ka gwada kafin ka saya: roba mai kauri tana nisanta kunama, mai gajerun yatsu sai ya karkatar da hannu don ya kai, bindiga ta daina zama a layi ɗaya da damtse, shurin ya koma kan gindin babban yatsa.

Gwajin mariƙi mai sauƙi ne. Bindiga babu harsashi, ka riƙe ta yadda bututu da ƙashin damtse suka zama layi ɗaya. Idan tsokar gaɓar farko ta manuni ta zauna a kan kunama ba tare da ka juya hannu ba, ya yi. Safar hannu mai ɗan laushi a tafi tana taimako, haka ma naɗa filasta a gaɓar yatsan tsakiya da ƙasan manuni kafin fata ta fashe, ba bayan ta fashe ba. Sai dai duk safar da za ka yi farauta da ita, da ita za ka daidaita saiti.

Riƙo da tsayuwa

Hannun harbi ya hau sama iyakar yadda mariƙi ya ba da dama, don a rage tazarar da ke tsakanin layin bututu da wuyan hannu. Iya girman tazarar nan, iya yadda baki ke tashi. Ɗaya hannun ya naɗe yatsun na farko, babban yatsansa ya kwanta a kan babban yatsan hannun harbi, su biyun a lanƙwashe ƙasa. Kada ka tallafi gindin mariƙi da tafi daga ƙasa, domin bindiga za ta tashi ta bar hannun a wurin.

Ƙarfin matsi shi ne inda aka fi ɓata. Ka matsa har saiti ya fara rawa, sannan ka sassauta kaɗan har rawar ta tsaya. Nan ne wurinka, kuma nan zai kasance a kowane harbi. Dalili shi ne bindigar hannu tana fara tashi tun ƙwaya ba ta bar bututu ba. Sakakken riƙo yana kai harsashi sama, matsattse yana kai shi ƙasa. Wannan dalilin ne kuma ya sa ƙwaya mai nauyi mai tafiya a hankali take sauka sama da mara nauyi mai sauri, ga mamakin wanda ya zo daga doguwar bindiga. Wanda yake sauya matsi tsakanin harbi da harbi zai ga ramukansa sun jeru daga sama zuwa ƙasa, ya yi ta zargin harsashi.

Wuyan hannu a ƙage, gwiwar hannu kuwa a ɗan lanƙwashe. Idan ka miƙe gwiwa ka kulle ta, duk ƙarfin zai sauka a kan gaɓoɓi. Idan ka bar ta da ɗan lanƙwasa, damtse da kafaɗa za su tashi tare da bindiga su shanye shi. Lanƙwasar kada ta yi yawa, domin da .454 ko .500 bututu ko guduma na iya isowa goshi. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ƙafar ɓangaren hannun tallafi ta ɗan yi gaba, nauyi a kan gaban tafin ƙafa, ƙirji ya ɗan rinjaya gaba da ƙugu. Babbar libarba ba a hana ta tashi. Ana raka ta ne ta tashi a layi ɗaya, ta sauko a layi ɗaya, ba ta kuɓuce ba, ba ta murɗe gefe ba.

A farauta kusan kullum da babban yatsa ake ɗana guduma, ko da bindigar na iya yi da kunama, saboda jan ya fi gajarta da sauƙi. Ka ɗana da babban yatsan hannun tallafi don riƙon hannun harbi kada ya sauya, manuni yana wajen zobe har sai saiti ya zauna. Matsin kunama ya riƙa ƙaruwa a hankali kai tsaye zuwa baya, ba fizga ba, ido a kan saitin gaba har bindiga ta tashi.

Hawa tsani

Albarkar libarba ita ce yawancinsu suna cin harsashi fiye da ɗaya. .357 Magnum tana harba .38 Special. .44 Magnum tana harba .44 Special. .454 Casull tana harba .45 Colt, .460 S&W kuma tana harba su biyun. Ke nan da bindiga ɗaya, mariƙi ɗaya, kunama ɗaya, mutum zai iya hawa daga mai laushi zuwa mai zafi.

Taki na farko babu harsashi ko kaɗan. A duba ɗakunan silinda ɗaya bayan ɗaya, a fitar da duk harsashi mai rai daga ɗakin da ake atisaye, a sa na roba marasa albarushi, a auni wuri mai aminci, a ja kunama ana kallon saitin gaba. Idan guduma ta faɗi saiti bai motsa ba, an yi daidai. Minti goma a rana, kwana da yawa a mako, sun fi awa biyu rana ɗaya. Taki na biyu .22, a libarbar da ta yi kama da babbar. Na uku .38 Special ko .44 Special. Na huɗu matsakaicin magnum, misali ƙwaya giren 240 a gudun ƙafa 1,000 zuwa 1,100. Na ƙarshe cikakken ƙarfi.

Ba a hawa taki sai an ci wanda ake kai. Ma'aunin ci: harsashi biyar a mita 25, a tsaye da hannu biyu, su taru a cikin da'irar santimita 15, a zama biyu daban-daban. Idan ka hau sabon taki faɗin tarin ramukan ya ƙaru da fiye da rabin yadda yake a na baya, ka sauko.

Duk lokacin da za ka harba wani sabon ƙarfi, ko za ka miƙa wa wani bindigar, harsashi ɗaya tak ake sawa a silinda. Wannan ba tsoro ba ne. A manyan libarba masu kunama mai ɗana kanta, shuri na iya tura bindiga baya cikin sakakken hannu har kunama ta koma mazauninta, hannu kuma ya ƙanƙame da firgici ya sake ja, harbi na biyu ya tashi alhali baki na kallon sama ko ya juyo baya. An yi asarar rai ta wannan hanya a Amurka. Kuma ba abin wasa ba ne a ba baƙo .500 don a yi dariyar yadda za ta jefa shi.

Abu ɗaya game da gajeren harsashi, irin su Special da .45 Colt, a dogon ɗaki: yana barin zoben dauɗa a inda bakin kwanso ya tsaya. Idan ka sa dogon harsashi a kan wannan dauɗar zai shiga da ƙyar, bakin kwanso ya kasa buɗewa sosai, matsi ya tashi. Ka goge ɗakunan da burushin tagulla kafin ka koma magnum. A .454 abin ya fi tsanani, shi ya sa Freedom Arms ke ba da silinda dabam don .45 Colt.

Zabura, da yadda ake kama ta

Zabura ita ce abokiyar gaba ta gaskiya. Jiki ya koyi cewa bayan jan kunama duka na zuwa, sai ya riga ya tura hannu gaba da ƙasa, ya rufe ido, ɗan ƙanƙanin lokaci kafin harbi ya tashi. Shurin yana rufe motsin, don haka mai yi ba ya sani, kuma zai rantse ba ya yi. Alamominta: ramuka suna taruwa ƙasa da hagu ga mai harbi da dama, ƙasa da dama ga bahago. Ba ka ganin walƙiyar bakin bindiga. Ba za ka iya faɗin inda saiti yake ba a lokacin da ta tashi. Harbin farko na rana ya fi kyau, na goma ya fi muni.

Gwajinta a libarba ba ya bukatar komai. Ka ba abokin harbi ya cika silinda ba ka gani, ya haɗa harsashi biyu masu rai da kwanso huɗu da aka riga aka harba, ya rufe ya miƙo maka baki na kallon fili. Idan kai kaɗai ne, ka cika haka, ka kau da ido, ka juya silinda da hannu, ka rufe ta a hankali, ba da wurgi ba. Ka harba kowane ɗaki kamar mai rai ne. Ranar da guduma ta faɗa kan wofi baki ya nutse ƙasa, ka ga zaburarka da idonka. Wayar da aka kafa a gefe tana ɗaukar fuska a hankali ita ma tana tona asirin ido mai ƙiftawa.

Maganinta ba ƙarin harsashi mai ƙarfi ba ne. Wanda ya ce zai harbe zabura da yawan harbi kamar mai kashe gobara ne da kananzir. Ka tsaya nan take. Ka yi jan wofi goma masu tsabta. Ka koma .22 ko Special. Idan ka dawo magnum, ka rage masu rai zuwa ɗaya cikin shida, ka ƙara sai idan bakin ya daina nutsewa. Zaburar da ta kwana biyu a jiki takan ɗauki makonni kafin ta fita, kuma takan bi mutum har kan ƙananan bindigoginsa.

Shi ya sa yawan harbi a zama ɗaya yake da iyaka. Ga yawancin mutane, cikakken .44 Magnum ashirin zuwa talatin sun isa, .454 zuwa sama kuwa goma ko ƙasa da haka, a harba su da wuri tun hannu na da sabo, a tsakanin su ana hutawa. Sauran zaman na harsashi mai laushi ne, kuma da mai laushi ake rufewa.

Auna iyakar a kan takarda

Wurin kisa a ƙirjin barewar Amurka mai farar wutsiya, wato huhu da zuciya, faɗinsa wajen santimita 20 ne, daidai farantin takarda. Ka kafa faranti a mita 25. Ka harba biyar daga irin zaman da za ka yi a daji: zaune da baya a jikin itace, damtse a kan gwiwoyi, ko bisa sandunan dogarawa. Idan biyar sun shiga, ka matsa zuwa 40, sannan 50, 75, 100. Nisan ƙarshe da biyar suka shiga duka, a ranaku uku daban, shi ne nisanka da wannan harsashi. Huɗu cikin biyar ba ci ba ne, domin na biyar ɗin dabba ce da ta gudu da rauni a ciki.

Yanzu ka maimaita da harsashi mai ƙarfi na gaba. Idan .44 Magnum ta ba ka mita 75, .454 ta ba ka 40, to .44 ita ce bindigarka, ko da .454 ba ta yi maka zafi ba. Barewa ba ta bukatar fiye da haka. Ƙwayar dalma mai tauri mai faffaɗan baki, giren 250 zuwa 300, a gudun ƙafa 1,100 zuwa 1,200, tana ratsa barewa ko alade daga gefe zuwa gefe. John Linebaugh, maƙerin da .475 da .500 Linebaugh ke ɗauke da sunansa, ya daɗe yana koyar da cewa nauyin ƙwaya da faɗinta su ke aiki a bindigar hannu, ba tsananin gudu ba. Abin da ƙarin gudu ke saya shi ne miƙaƙƙiyar tafiya a nesa, wadda ba ta da amfani ga wanda ba ya samun faranti a mita 60.

Teburin harbi yana da amfani wajen daidaita saiti, amma a nan shuri ya fi ciwo, domin jiki ba ya iya ja da baya. Ka sa abu mai laushi ƙarƙashin gwiwar hannu. Ka ɗora wuyan hannu ko gaban jikin bindiga a kan jakar yashi, kada gindin mariƙi ya taɓa tebur, kada bututu ya kwanta a kan abu mai tauri, duka biyun suna sauya inda harsashi ke sauka. Ka rufe jakar da tsohuwar fata, in ba haka ba hayaƙin rata zai yanka ta. Bayan tebur, ka tabbatar da saitin daga zaman daji.

Jiki ma yana da nasa ma'aunin. Jan fata da ɗan tsami da ke wucewa kafin gobe ba komai. Yatsu su mutu ko su riƙa tsikari, ciwo a gindin babban yatsa ko cikin wuyan hannu da ya kwana biyu, zafi a gefen gwiwar hannu idan ka ɗaga kofi, rawar hannu bayan harbi, ƙugi a kunne: kowanne daga ciki yana nufin an wuce gona da iri, a huta, idan ya ƙi tafiya a ga likita. Lahanin gaɓa taruwa yake yi shekara da shekaru, kuma iyakar mai shekara 30 ba ita ce tasa ba a 55. Wanda aka taɓa yi wa aiki a wuyan hannu, wuya ko ido ya tambayi likitansa tun kafin ya fara.

Rage shurin, da abin da yake yi wa bindiga

Hanya mafi arha ita ce sauka a harsashi. Ta biyu nauyi: dogon bututu mai cikakken ƙarfe a ƙasansa, ko madubin hange da maɗaurinsa, waɗanda kan ƙara wajen giram 300 zuwa 400. Madubin ya zama na bindigar hannu, mai nisan ido, ninki biyu ya wadatar. Na doguwar bindiga zai sa ka kawo fuska kusa, ya fasa maka gira. Ta uku ramukan da ake hudawa a saman bakin bututu, irin aikin da kamfanin Mag-na-port na jihar Michigan ya shahara da shi, ko birkin baki irin na Model 500. Suna rage tashin baki sosai, amma suna ƙara ƙara da bugun iska, har wani zaburarsa ta ƙaru maimakon ta ragu. Da irin wannan bindiga ko harbi ɗaya a daji ba a yi babu kariyar kunne. Murfin kunne mai lantarki, wanda ke barin ka ji motsin ganye ya datse ƙarar harbi, don haka aka yi shi.

Mai cika harsashi da kansa ya tsaya kan littafin ma'auni da aka wallafa. Albarushi irin H110 da W296 ba a rage su ƙasa da abin da littafi ya ce, domin ba sa kamawa da kyau idan matsi ya yi ƙasa, ƙwaya na iya maƙalewa a bututu. Don harsashi mai laushi wani albarushi ake nema. Idan harbi ya yi ƙara mai rauni ko shurin bai kai yadda aka saba ba, kada ka sake ja. Ka jira, ka buɗe silinda, ka zura sanda a bututu ka tabbata a buɗe yake. Haka kuma zafafan harsasan .45 Colt da aka yi don manyan Ruger ba sa shiga tsohuwar Colt, kwafinta, ko New Vaquero mai ƙaramin jiki.

Shuri yana kwance sukurori. Ka duba na mariƙi, na saitin baya, na maɗaurin madubi da sandar fitar da kwanso kafin kowane zama, ka ɗiga musu shuɗin Loctite, mannen da ke riƙe sukurori, ba ja ba, don ja sai da wuta yake kwancewa. A libarba irin Blackhawk, sandar da silinda ke juyawa a kanta takan zamo gaba, a duba maƙullinta.

Sai zamewar ƙwaya. Idan bindiga ta koma baya da ƙarfi tana jan kwanson harsasan da ba a harba ba, ƙwayoyinsu masu nauyi kuma su so tsayawa inda suke, sai su riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Idan ɗaya ta leƙo gaban silinda, silinda ta ƙi juyawa, bindiga ta mutu a hannunka, watakila alade mai rauni na gabanka. Bindiga mara nauyi da ƙwaya mai nauyi su suka fi yin haka. Kafin ka amince da kowane kwalin harsashi, ka auna tsawon guda ɗaya da ma'aunin maƙera, ka yi masa alama, ka cika silinda, ka harba sauran ka bar shi. Ka sake cikawa ka sake harba sauran, sannan ka fitar da shi ka auna. Idan ya ƙaru har ido na gani, ko bakin kwanso ya fita daga tsagin da aka matse shi a ciki, wannan kwalin na atisaye ne, kuma wanda aka yi gwajin da shi a harba shi shi kaɗai a silinda, kada a mayar da shi cikin na farauta.